Faɗi-ka-mutu da bai mutu ba: nazarin gyaran wani kwanon tangaran a Yakasai

Bahaushe bai raɗa wa tangaran suna faɗi-ka-mutu a banza ba. Ƙwarya in ta tsage akwai gyartai, ya huda ya ɗinke, ta koma bakin aikinta. Kwanon samira in ya huje a kai wa mai faci. Amma tangaran, tun daga sunan an riga an yanke masa hukunci: ranar da ya faɗi ranar ya gama, a share tsingaron a kai bola.

Ni malamin zane ne da ginin yumɓu a wata makarantar sakandare a nan Kano. Gyaran abin da ya fashe aikin gefe ne da nake yi a shagon ƙofar gida idan an tashi daga makaranta. Na zaɓi in rubuta labarin kwano ɗaya daga farko har ƙarshe, domin kusan duk kuskuren da ake yi wa fasasshen tangaran an yi wa wannan, har da nawa a ciki.

Mai kwanon wata dattijuwa ce a Yakasai, Hajiya kawai zan kira ta. Kwano ne babba mai murfi, irin na miya, faɗin bakinsa ya kai santimita 30, fari, da zanen furanni shuɗɗa a jiki da siririn zaren ruwan zinare a kewayen baki. Mahaifiyarta ce ta zo da shi tsarabar Makka. Da aka tashi yi wa Hajiya jere, aka ɗora mata shi a saman kabet. Sau biyu yake saukowa a shekara, ƙaramar Sallah da babba, a zuba miyar kaji a kai wa maigida da baƙinsa a zaure. Bayan rasuwar maigidan sai ya zama gidan yayanta a Gwammaja ake kai shi.

Ana saura 'yan makonni azumi aka kira masu fenti, Hajiya kuma ta tafi Zariya gaisuwa za ta kwana biyu. Wajen kwashe kayan kabet, yarinyar da ke taya ta aiki ta ɗauko kwanon ta baki da hannu ɗaya, murfin a ɗaya hannun. Ta rantse cewa a hannunta ya rabu tun bai kai ƙasa ba, ba wanda ya saurare ta. Ya sauka a kan tayil ya tashi gida 14. Murfin ko ƙwarzane bai yi ba.

Autan Hajiya ne ya ce a rufe maganar, zai gyara kafin ta dawo. Aka tsince manyan, aka share ƙananan ɓarɓashi aka zubar. Da dare ya sayo sufa gulu a shagon unguwa ya zauna. Ya fara daga baki, domin nan ne zanen ya fi nuna masa wanne ke bin wanne. Guda 9 suka kama. Da ya zo kan na goma sai ya ƙi shiga. Ya danna, gefen ya ɓantare. Sai ya ɗauki guntun ya goga shi a dandamalin siminti don ya rage masa faɗi. Bai shiga ba duk da haka. A nan ya haƙura, ya zuba komai a leda ya tura ƙarƙashin gado. Sai bayan mako biyu ledar ta iso hannuna, bayan gaskiya ta fito an sha faɗa an gama.

Abin da na tarar

Na shimfiɗa tawul a kan tebur na juye ledar a hankali. Ɓarna iri uku ce a gabana, kuma wadda faɗuwar ta yi ita ce mafi sauƙi. Tangaran idan ya karye, bakin karayar kaifi gare shi kuma tsaf yake, kowane gefe yana da abokinsa guda ɗaya tak a duniya, in ka haɗa su sai su kulle har ka ji a yatsa. Ɓarna ta biyu ta gam ce: guda 9 ɗin nan sun kama a karkace, kowane haɗi da ɗan tudu, gam ɗin ya tsiyaye ya bar farin dusashe a kan zanen. Ta uku ita ce ba ta da magani: gefen da aka goge a siminti, da ɓarɓashin da aka zubar, da gogayyar da guntayen suka yi ta yi da juna a cikin leda. Abin da ya tafi daga jikin kwano ya tafi, sai dai a cike gurbinsa da wani abu dabam.

Kafin in taɓa komai sai da na tabbatar da irin jikin da nake aiki da shi, saboda ba duk abin da muke kira tangaran ne tangaran na ainihi ba. Na ɗiga ruwa a bakin karaya, ya tsaya cur bai shige ba. Na ɗaga guntu ɗaya a rana na ga inuwar yatsana ta bayansa. Wannan shi ne na gaske, wanda ake yi da farar ƙasa irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, a gasa a wuta mai zafin digiri 1200 zuwa 1400 har jikin ya narke ya zama kamar gilashi. Randa da tulu da tukunyar da maginanmu ke gasawa a fili da itace da kara ba su cika ganin wutar da ta wuce digiri 900 ba, shi ya sa jikinsu ke shan ruwa, kuma wannan tsatsafowar ce ma take sanyaya ruwan randa. Bambancin nan shi ke zaɓa maka gam. Jikin da ke shan ruwa zai sha gam ma, ya yi tabo, kuma gam mai ƙarfi ya fi jikin ƙarfi, in an sake bugewa sai ya karye a sabon wuri. Jikin da ba ya sha kuwa sai gam mai kama santsi.

A wajen duba bakin karayar ne na ga abin da ya wanke yarinyar nan. Duk bakunan farare ne tas, ban da layi ɗaya da ya taso daga baki ya gangara kusan rabin jiki. Shi ruwan ƙasa ne, maiƙo ya shige shi har ciki. Sabuwar karaya ba ta da datti. Wannan tsohuwar tsaga ce da ta shekara da shekaru tana shan manja da man kaji. Kwanon da ma a tsage yake, ɗauka ta baki da hannu ɗaya ce ta ƙarasa shi. Da na nuna wa Hajiya, ta yi shiru, sannan ta ce ai ta daɗe da lura in ta ƙwanƙwasa shi ba ya amsawa kamar da. Ta sa aka kira yarinyar a gabana ta ce mata, “Ki yi haƙuri, 'yar nan, gaskiyarki ce.”

Warware aikin auta

Kwana uku na farko duk a kan rushe abin da aka gina suka tafi. Sufa gulu yana narkewa a asiton, ruwan nan mai kaifin wari da mata suka sani a abin goge jan farce, sai dai na kwalbar kwalliya gauraye yake da mai da turare, gara tsantsarsa daga masu sayar da sinadarai a Sabon Gari. Na jiƙa auduga na shimfiɗa a kan kowane haɗi, ciki da waje, na sa a babban gwangwani mai murfi, don in an bar shi a buɗe cikin iskar hunturu kafin ka juya ya bushe. Asiton yana kama wuta kamar fetur, saboda haka nesa da risho da gas, kuma ƙofar shago a buɗe. Kowace safiya da yamma in sake jiƙawa. Ban ja ba, ban murɗa ba. A rana ta biyu haɗin farko ya saki da kansa, sauran suka biyo baya.

Sakin ba shi ne ƙarshe ba. Kowane baki sai da na bi shi da burushin haƙori da tsinin allura a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, domin ɓurɓushin gam da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya hana haɗi zama. Tsohuwar tsagar kuwa na wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, sannan na ɗora mata auduga jiƙe da ruwan haidurojin da ake wanke ciwo da shi, na rufe da leda, ina sauyawa har launin ya dusashe. Mutane da yawa bilicin wanki suke kai wa irin wannan tabo. Yana farar da shi nan take, amma gishirinsa yana maƙalewa a cikin tsaga, daga baya ya tsiro ya ɗaga ƙyallin saman kwanon.

Daga nan sai gwaji ba gam. Na manna wa kowane guntu ɗan salatif na takarda na rubuta lamba, na fara haɗawa daga gindi zuwa sama ina riƙewa da salatif kawai. A nan aka ga dalilin da na goma ya ƙi shiga wa auta. Guntun ta ciki ya fi faɗi, ta waje ya tsuke, kamar turmi a kife. Idan maƙwabtansa na dama da hagu suka riga shi zama, ƙofa ta rufe, ko me za ka yi ba zai shiga ba. Shi ya kamata ya zama na huɗu. Ga kuma wani abin: kowane haɗi da aka yi da gam mai kauri yana ƙara wa kwano ɗan faɗi, in ka tara kuskure tara sai na ƙarshe ya rasa wurin zama. Sau uku na haɗa na warware kafin in rubuta jerin da ya yi daidai a takarda.

A wannan gwajin na yi tawa ɓarnar. Zanen shuɗin yana ƙarƙashin ƙyalli, ba abin da ke taɓa shi. Ruwan zinaren baki kuwa a sama yake, an gasa shi daga baya a wuta mai sauƙi, kuma shekaru na wanki da soso sun riga sun cinye shi. Na sani sarai, amma na bar salatif ya hau kansa a wuri ɗaya. Da na ɓare, zinare mai tsawon gaɓar yatsa ya biyo shi. Na faɗa wa Hajiya da bakina, na kuma rage shi daga kuɗin aiki.

Zaɓen gam da haɗawa

Masu adana kayan tarihi a gidajen tarihi na duniya sun fi son wani gam da ake kira Paraloid B-72, saboda ba ya rawaya kuma duk ranar da aka so a warware, asiton zai narkar da shi. Da tsohuwar tukunyar ƙasa aka kawo min, shi zan fara tunani. Amma yana fara laushi ne a wajen digiri 40, mu kuwa a Kano watan Afrilu zafin nan muke kwana da shi muke tashi, balle a ɗaki mai rufin kwano. Kwano mai nauyi irin wannan zai iya saɓulewa a hankali yana zaune a kabet. Sai na koma ga gam mai haɗi biyu, wato mai ruwa biyu da ake gaurayawa kafin a shafa, wanda a kasuwa kowa ke kira Araldite ko wane kamfani ya yi shi. Shi ma iri biyu ne, mai kamawa cikin minti biyar da mai jan lokaci har kwana. Na ɗauki mai jan lokacin. Na gaggawan bai ba ka damar gyara zama, kuma ya fi saurin rawaya.

Yadda ake shafawa ya fi irin gam ɗin muhimmanci. Da tsinken sakace nake ɗiba, in shafa a gefe ɗaya kawai, siriri har ka ce babu. In haɗa, in matsa sosai, in bi layin da farce: in farce ya tsaya a wani wuri, akwai tudu, a sake. Sannan in ja salatif a gicciye ciki da waje, in kafa guntun a cikin baho cike da yashi ta yadda na sama zai zauna a kan na ƙasa nauyinsa ya danne haɗin. Abin da ya tsatso in goge da auduga mai ɗan asiton kaɗan, ba da yawa ba kada ya shige ya cinye na ciki. Sanyin hunturu ya taimaka, gam bai yi saurin ƙullewa ba. Ƙurarsa ce abokiyar gaba, dole in kifa kwali a kan bahon. Haɗi biyu ko uku nake yi a rana, kwana shida kafin kwano ya tsaya da gindinsa.

Ya rage gurbi biyu: ɓalli a baki mai girman farcen babban yatsa, da siririyar kafa a inda aka goga a siminti. Na ɗumama kakin da masu haɗa haƙori ke aiki da shi, na danna a lafiyayyen ɓangaren baki ya ɗauki siffarsa, na matsar da shi bayan ɓallin ya zama bango. Na kwaɓa gam ɗin da tankaɗaɗɗiyar farar ƙasa da ɗan farin launi har ya yi kaurin tuwo, na cika. Wanda bai taɓa wannan aiki ba zai ɗauka fari fari ne. Farin kwanon nan yana da ɗan shuɗi-shuɗi a ciki, sai da na kwaɓa kala biyar na bar su suka bushe a kan tayil, na gwada da hasken rana, ba na ƙwan lantarki ba. Kafin cikon ya gama tauri na sassabe shi da reza, washegari na bi da samfefa mai lamba 1200 da ruwa, bayan na rufe ƙyallin da ke kewaye don kada ya karce.

Gardamar gidan

Tun ina tsakiyar aiki maganar yadda kwanon zai fito ta raba gidan uku. Jikar Hajiya da ke jami'a ta zo da hotuna a waya, tana so a yi masa kintsugi, gyaran mutanen Japan da ake bin layin karaya da zinare. Na ce mata na gaskiyar da danƙon wata bishiya ake yinsa mai suna urushi, wanda ba ya bushewa sai a wuri mai laima sosai, aikin kan ɗauki makonni ko watanni, ɗanyensa kuma yana sa ƙuraje. A hunturun Kano da leɓe ke tsagewa sai an gina masa akwatin laima na musamman. Yawancin abin da ake tallatawa a intanet da wannan suna gam mai haɗi biyu ne da hodar ƙyalli mai ruwan zinare.

Yayan Hajiya, wanda malami ne, da ya ji zancen zinare ya aiko cewa ba da shi ba. Ya kawo hadisin Anas da ke cikin Bukhari, cewa ƙoƙon shan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsage aka ɗaure wurin da sarƙar azurfa. Ya ce daga nan malamai da yawa suka halatta ɗan azurfa kaɗan don gyara, zinare kuwa sun fi tsanantawa a kansa a abin ci da sha. Maganar jika ta mutu a nan.

Ita Hajiya ba wannan ne ya dame ta ba. Ta zo shagon da kanta, ta daɗe tana kallon kwanon a cikin yashi, ta ce, “Ashe gyartai ma ya yi boko.” Sannan ta tambayi abin da ya kawo ta: “Malam, zai ɗauki miya ranar Sallah?”

Na ce, “Hajiya, ki gafarce ni, ba zai ɗauka ba.”

Na yi mata bayani. Miya daga wuta tana sa gam ya yi laushi, maiƙo yana bin layin haɗi ya zauna inda soso ba ya kaiwa, gam ɗin kanti kuma ba don abinci aka yi shi ba. Ga nauyi: kwano cike da miya a hannun yaro a bayan babur, daga Yakasai zuwa Gwammaja. Ta ce to meye amfanin gyaran? Tambaya ce mai kyau, kuma tun ranar farko ya kamata in sa ta a gabanta kafin in jiƙa auduga ko ɗaya. Kuɗin asiton da gam da kwanakin da na zuba sun fi kuɗin sabon saitin tangaran a kasuwa. In don miya ne, asara ce. Na faɗa mata haka, na ce in ta ce a tsaya a tsaya. Ta ce in ƙarasa, na mahaifiyarta ne.

Kan ɓoye layukan ma mun ɗan ja. Ana iya fesa fenti a rufe su ɗungurungum, amma sai an rufe har da lafiyayyen ƙyalli na asali, kuma fentin yana sauya launi bayan 'yan shekaru ya fi karayar muni. Ban yi ba. Zanen furen da ya faɗa kan ciko kawai na ƙarasa da siririn burushi. Zinaren da na ɓare ma ban maye shi da na bogi ba, na bar wurin yadda yake.

Yadda ya fito

Kwana 16 ya yi a hannuna. Daga taku uku ba ka ganin komai. In ka ɗauka ka juya a haske za ka ga layuka kamar silin gashi, da cikon baki da ya ɗan fi sauran dusashewa. Haɗi ɗaya kusa da gindi yana da tudun da farce ke ji, na gefen da aka goga ne, ban iya kawar da shi ba. Murfin ya zauna daidai, wanda shi ne babban gwajin cewa da'irar bakin ba ta karkace ba. In ka ƙwanƙwasa ba ya ƙara kamar ƙararrawa, kuma ba zai sake yi ba. Na gaya musu layukan za su ɗan yi rawaya da shekaru, musamman in rana na dukansa, don haka a ajiye shi nesa da taga. A goge da tsumma mai laima, kada a jiƙa a ruwa, a ɗauka ta gindi da hannu biyu.

Auta ne ya zo karɓa. Na naɗe kwanon dabam, murfin dabam, na sa a kwali da tsummoki. Ya tsaya yana kallon bahon yashin, ya tambaye ni ko da bai goga guntun nan a siminti ba da ba a ga komai ba. Na ce da cikon bai kai haka ba, da bai sa sufa gulu ba kuma da kwana uku sun ragu.

Ranar ƙaramar Sallah na je gaida Hajiya. Miyar kajin ta tafi Gwammaja a sabuwar kula. Kwanon yana kan tebur a tsakar ɗaki, an shimfiɗa farin ƙyalle a cikinsa an cika shi da dabino da alewa mai leda. Duk yaron da ya shigo barka da Sallah ya miƙa hannu sai ta ce ya tsaya, ta ɗaga murfin da kanta, ta ɗebo ta ba shi, ta mayar ta rufe.